Tsakanin ɗan aike da amarya: ina yaranmu suke a wasannin talabijin?

Ni mai kallon wasan kwaikwayo ce, ba na ɓoyewa. Akwai abokan aikina da in an tambaye su sai su ce labarai kawai suke kallo da wa'azi, amma in an fita hutun ƙarfe goma aka zauna gindin dogon yaro, su ne kan gaba a gardamar wanda ya kamata Sumayya ta aura tsakanin Mahmud da Presido. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli, tun fitowata daga makarantar horon malamai ta Damagaram, kuma shekarun baya-bayan nan duk a Yantala na yi su, ina da aji shida na firamare, wanda mu a Nijar muke cewa CM2. In na gama duba littattafan yara da dare, in Allah ya sa ba a ɗauke wuta ba, nakan zauna gaban talabijin kamar kowa. In yi dariya, in yi tsaki, wani lokaci har da ƙwalla. Saboda haka abin da zan faɗa a nan maganar mai kallo ce, wadda ta san daɗin abin.

Ƙidaya ce ta jawo abin da ke damuna, don malami ba ya rabuwa da ƙidayar kawuna. Na ɗauki wasannin da ake kallo a gidajenmu ɗaya bayan ɗaya ina duba shekarun mutanen da ke cikinsu. Ga tsofaffi, ga magidanta da matansu, ga samari masu neman aure da ƴammatan da ake nema. Ga kuma ƙananan yara, waɗanda aikinsu a fim bai wuce su shigo su ce ana sallama a waje, su fita ba. Amma ɗan shekara goma sha uku zuwa sha bakwai, wanda ke tashi da asuba ya yi shara ko ɗibar ruwa, ya rataya jaka ya tafi koleji, ya dawo da sakamakon lissafin da yake tsoron nuna wa mahaifinsa, wannan ban gan shi ba. Ko ya leƙo, a gefe yake tsaye, labarin na wani ne. Ga shi kuwa muna ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

Bari in fara da wanda na fi so, kada a ce ƙiyayya ce. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ta Kano, wanda ake nunawa wajen shekara goma ke nan, shi ne wasan da surukata da ƴata suke iya zama tabarma ɗaya su kalla ba wadda ta tashi don kunya. Garin nasu ya yi kama da gari. Akwai mai shayi, akwai maigadi, akwai makaho, akwai malamin tsangaya da almajiransa, akwai maƙwabta Kiristoci. Rigimar Kamaye da Adama kuwa, kowace unguwa da nata Kamayen. Mu ma muna da namu, har sunan ya bi shi, shi kaɗai ne bai sani ba. In za a yi adalci, Daɗin Kowa ya fi kowa matsowa kusa da matasa. Ya taɓo shaye-shaye, ya taɓo yadda ake yaudarar saurayi marar aikin yi har a kai shi ga ɗaukar makami, ya taɓo bara. To amma ko a nan, da zarar yarinya ta fara tasawa sai labarinta ya koma na wa ke zuwa zance wurinta. Nazir da Alawiyya sun riƙe mu lokaci mai tsawo, kuma abin da ya riƙe mu ɗin shi ne ko za a yi auren ko ba za a yi ba.

Wasannin ban dariya ma haka suke. Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya fara kawo mana a 2019, ya taɓa sa ni dariya har maigidana ya leƙo daga ɗaki yana tambayar ko lafiya. Tsohon attajiri a keken guragu, ya tara ƴaƴa barkatai daga mata barkatai, kowa idonsa na kan dukiya, shi kuwa ko dala ba ya son saki. Akwai hankali a ƙarƙashin shirmen, don duk mai kallo ya gane abin da ke jiran wanda ya haifa bai rena ba. Sai dai ku duba ƴaƴan Alhaji Badamasi, su Ɗankwambo da Bazuka, duk ƙarti ne. Mu ƴan Nijar kuma ƙofa biyu gare mu, ɗaya ta Kano, ɗaya ta Abijan da Burkina saboda Faransanci. Ta ƙofa ta biyun muka samu Ma Famille na Akissi Delta, wanda ya fara a 2002, da Les Bobodiouf na mutanen Bobo-Dioulasso. Na sha dariyar Gohou, na sha ta Souké da Siriki. Can ma zancen manya ne: Bohiri da neman matansa, su Souké da neman abin kaiwa bakin salati. Yara dai suna leƙe ta bayan kafaɗarmu suna dariyar abin da ba don su aka shirya ba.

Sai manyan wasanni masu dogon zango da suka mamaye wayoyi tun 2020, shekarar korona, lokacin da aka rufe makarantu kowa ya zauna gida, wato Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad. Hoto ya yi kyau, sauti ya gyaru, an rage rawa da waƙar da ta ishe mu a finafinan baya. Baba Ɗan Audu kaɗai ya isa a yaba wa Labarina, don irin wannan dattijo mai kwaɗayi da wayon tsiya kowa ya san ɗaya a danginsa. Umar Hashim kuma iyaye da yawa sun so a ce ɗansu ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ilimi yake a irin waɗannan wasanni. Kamar hula yake, ana shigowa da shi a kai, ba a taɓa nuna inda aka saƙa shi ba. Wane ya dawo daga karatu a waje. Wance likita ce. Sai ofis mai sanyi, sai takardar da ake sa wa hannu ba a karanta ba, sai mota. Shekarun nan goma sha uku da yaro ke yi tsakanin ajin farko da jarrabawar bak, da faɗuwa, da maimaita aji, da karatu a hasken fitilar bakin titi, an tsallake su gaba ɗaya kamar yadda ake tsallake talla.

Wani zai ce to mene ne, ai wasa ne. Ga dalilin da ya sa ban ɗauke shi wasa ba. Alƙaluman da hukumar UNICEF ke bayarwa sun nuna ƴammata 76 cikin 100 a Nijar ana yi musu aure kafin su kai shekara 18, kuma 28 cikin 100 kafin shekara 15. Fim bai kawo wannan ba, tun kafin talabijin muke da shi. Talauci ne, da al'ada, da tsoron abin kunya, da nisan koleji daga ƙauye. Har doka gwamnati ta fitar a watan Disamban 2017 don kare yarinyar da ke karatu. Amma yarinyar da ke ajina tana daidai mararraba, shekararta goma sha biyu ko sha uku, kuma kowane dare akwatin da ke tsakar gidansu yana gaya mata cewa labarin mace yana farawa ne ranar da mota ta tsaya a ƙofar gida.

Wata shekara na ba su aikin rubutu, na ce kowa ya kwatanta yininsa ɗaya bayan shekara goma. Ƴammatan da yawa falo suka zana mini da kalmomi: labule, kujeru, miji ya dawo daga ofis an tarbe shi da ruwan sanyi. Wadda ta fi kowa lissafi a ajin, yarinyar da ke gama rabawa kafin in gama rubuta tambayar a allo, akwatunan lefenta ta lissafa, har goma sha biyu. Na kira ta bayan an tashi na ce, "Ƴata, ke da lissafi ke yi wa biyayya, ba ki ga kanki kina wani aiki ba?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, ina so, amma ban san yadda ake rubuta shi ba." Faransancin bai gagare ta ba, don rubutun nata ba kuskure. Yinin mace injiniya ko mai haɗa magunguna ne ba ta taɓa gani ba, daga safe zuwa dare, ballantana ta kwatanta shi. Na amarya kuwa ta gan shi sau ɗari.

Maza ma ba su tsira ba. Saurayi a fim ko dai yana da kamfani tun bai kai talatin ba, ko kuma ɗan daba ne da wuƙa a ƙugu. Yaron da ke shayar da salati a lambunan bakin kogi da sassafe kafin ya tafi makaranta, kamar yadda da yawa ke yi a nan Yantala ta ƙasa, ba ya cikin ko ɗaya.

To wanda ba a dafa da shi a gida ba, maƙwabta yake zuwa ci. Yaranmu na koleji da lise sun daɗe da gano inda ake ba da labarin ƴan shekarunsu. Da dala ashirin ko arba'in mai tura finafinai zai cika musu waya, wanda gidansu ke da Canal+ kuma ya ba sauran labari, sai a nemo. Ba a tsakar gida ake wannan kallo ba, a fada ake yi, kai huɗu kan waya ɗaya, ko cikin bargo da abin sawa a kunne. Lokacin da muke yara, in wani abu ya wuce gona da iri a talabijin, tsakin kaka kaɗai ya isa fassara. Yanzu ba mai yin tsakin.

Akwai ɗan ƙanen maigidana da ya zauna wurinmu shekarar da zai yi jarrabawar BEPC. Wani dare na karɓe wayarsa don ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, na tarar American Pie yake kallo, fim ɗin Amurka na 1999 da aka juya zuwa Faransanci. Na zauna na kalle shi har ƙarshe, don ba na hana abin da ban sani ba. Samari huɗu ne ƴan ajin ƙarshe na sakandare suka yi wa juna alkawari kowa sai ya san mace kafin bikin gama makaranta. Ba sai na ƙara bayani ba, fim ne da bai dace da gidan kowa a cikinmu ba. Da safe na ce masa, "Kai kuwa me ka rasa da za ka zauna kan wannan ƙazanta?" Ya daɗe yana wasa da cokali, sannan ya ce, "Tanti, yaron nan kullum sai ya ji kunya a gaban mutane. Komai ya taɓa sai ya lalace. Shi ne yake ba ni dariya, don ni ma haka nake." Ban yarda da shi duka ba, na san shekarunsa. Amma rabin maganar gaskiya ce, kuma rabin nan ne ya tsaya mini.

Masu yin waɗannan finafinai sun san wani abu game da ɗan shekara goma sha biyar wanda marubutanmu suka yi kamar ba su sani ba. Sun san ba abin da yake tsoro kamar a yi masa dariya. Sun san murya na fashewa, ƙuraje na fitowa a fuska ranar da ba a so, takalmin da uwa ta saya da guminta yana iya zama abin kunya a gaban abokai. Mean Girls na 2004 labarin ƴammata ne da suka kafa ƙungiya a makaranta, su ke yanke wadda za a yi wa magana da wadda za a ƙaurace wa. Wallahi ina da irinsu kowace shekara, su uku ko huɗu a bencin baya, kuma na ga yarinya ta daina zuwa makaranta mako guda saboda su. Yaro ya ga wannan a fim dole ya ce da shi ake. Matsalar ita ce kayan da ke biyo bayan wannan gaskiyar: makarantar da ɗalibi ke zuwa da motarsa, ɗakin kwana na shi kaɗai da yake rufewa ya hana uwarsa shiga, walimar giya da zarar iyaye sun yi tafiya, da uban da aka mayar wawan gida. Yaron da ke kwana da ƙannensa biyar a ɗaki ɗaya yana haɗiye duka biyun a loma guda, ba mai taya shi tsince ƙashi.

Na Faransa sun fi sauƙi ta wajen kunya, kuma su yaran firamare suka fi sani. L'Élève Ducobu na 2011, yaro ne gwanin satar amsa da malaminsa Latouche mai neman kama shi. Les Profs na 2013 kuwa lise ce da ta fi kowace lalacewa a ƙasar, 12 cikin 100 kaɗai ke cin bak, sai hukuma ta turo mata malaman da suka fi kowa lalacewa. Na yi dariya a duka biyun. Ba na cikin malaman da ke fushi don an kwaikwaye su. Tun ranar da aka buɗe makarantar farko yara ke kwaikwayon malami a bayan idonsa, mu ma mun yi. Abin da ban so ba shi ne wanda ake yi wa dariyar a ƙarshe yawanci mai ƙoƙari ne, mai ɗaga hannu, mai yin aikin gida. A ƙasar da ɗan da ya faɗi jarrabawa yake da wata hanyar, wannan raha ce. A wurinmu wanda ya faɗi sau biyu aka kore shi, sai tura baro a kasuwa ko hanyar Agadas.

Wanda na yarda ƴaƴana su kalla, ina zaune ina tsallake wuri biyu ko uku, shi ne 3 Idiots na Indiya, na 2009, wanda Aamir Khan ya fito a ciki. Ɗaliban makarantar injiniyoyi ne, dariya daga farko har ƙarshe, amma a ciki an caccaki haddar da ba fahimta, an nuna uban da ya zaɓa wa ɗansa sana'a tun ranar haihuwa, an nuna ɗalibin da matsi ya kai shi ga halaka kansa. Bayan mun gama, babban ɗana ya yi mini maganar da bai taɓa yi ba game da tsoron da yake ji in an zo rabon sakamako. Abin mamaki, masu fim ɗinmu na Kano sun ɗebo rawa da waƙa daga Indiya shekara da shekaru, sun baro wannan a can.

Kada mu ɗauka yau aka fara. A 1966 Moustapha Alassane, ɗaya daga iyayen silima a ƙasar nan, ya yi Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka hau dawaki suka addabi gari. Marigayiya Zalika Souley tana cikinsu. Wato shekara sittin da suka wuce wani ɗan Nijar ya riga ya ga abin da finafinan waje ke yi wa samari, kuma da ya tashi magana sai ya ɗauki kyamara ya sa samarin a tsakiyar labari, ya bar mu mu yi musu dariya mu kuma ji tsoro.

Akwai ma abin da ya fi wannan, wanda malamai ƙanana da yawa ba su sani ba. Talabijin a Nijar a cikin aji aka haife ta. A 1964 aka fara shirin talabijin na makaranta da taimakon Faransa, ana watsa darussa daga Yamai zuwa wasu azuzuwa, yara na koyo daga akwatin tare da mai lura da su. Sai a ƙarshen shekarun 1970 Télé Sahel ta gaji wannan aiki ta zama ta kowa da kowa. Mu da muka taso a shekarun 1980, zamanin samariya da gasar wasannin matasa ta ƙasa, mun san daren da ake nuna wasan su Yazi Dogo, unguwa kan taru gidan da ke da talabijin, yara a gaba kan ƙasa, manya a baya. Shi kansa Yazi Dogo malamin makaranta ne, kuma da ganin yadda yake karanta halin mutane ka san ya tsaya gaban aji. Daga ƙetaren iyaka kuma ga su Samanja da Kasimu Yero, Allah ya jiƙansu. Waɗannan ma da manya suke yi, ban ce ba. Amma a lokacin kusan kowace makaranta tana da nata wasan na ƙarshen shekara, yara na hawa dandamali su buga rayuwarsu a gaban iyayensu. Wannan ne ya mutu a hankali, ba wanda ya yi masa zaman makoki.

Ga kayan dariya kuwa zube a makarantunmu, ba mai ɗiba. Yaron da shi ke karanta wa mahaifinsa takardar sakamako saboda uban bai yi boko ba, ya mayar da "ba ya ƙoƙari" ta koma "malam na gaishe ka", har ranar da ƙanwarsa ta iya karatu asiri ya tonu. Yara huɗu a bencin mutum biyu, in na tsakiya zai yi rubutu sai na gefe ya ɗaga hannu sama. Yarinyar da ke Zabarmanci a gida, Hausa a titi, Faransanci a aji, in ta rikice ta haɗa ukun a jimla ɗaya, ga kuma Hausar Kano da ta tsinta a fim tana ce wa mai ƙosai "don Allah malama". Bashin mai sayar da kopto a bakin ƙofa, wanda ke da littafin bashi da ya fi rajistar makaranta tsari. Ranar da mai duba makarantu zai zo, yadda kowa ke zama waliyyi, har mu malamai. A gefen dariyar kuma ga abin da zai sa mai kallo ya yi shiru: azuzuwan zana, irin waɗanda gobara ta cinye a unguwar Pays-Bas a watan Afrilun 2021 yara 20 suka rasu, ambaliyar 2024 da ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, kujerar yarinyar da aka dawo hutu aka tarar ba kowa a kanta, ƙawayenta suna kallon ƙasa in an kira sunanta. Marubucin da ya zauna bayan ajina mako biyu zai tashi da labarin zango uku.

Na san dalilan masu shirya fim, kuma ba na raina su. Wasan da ke YouTube da yawan masu kallo yake ci, kuma an riga an gane soyayya da kishiya da gado su ke kawo jama'a. Wa zai zuba kuɗinsa a gonar da ba a taɓa nomawa ba? Sannan wane uba ne zai ba da ƴarsa mai shekara goma sha huɗu a tafi da ita wurin ɗaukar fim, da irin kallon da ake yi wa sana'ar? Ga hukuma kuma. A watan Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da wasanni 22 a lokaci ɗaya, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo mata su ta duba ba kafin a saki. Wanda ke aiki a irin wannan yanayi in ya ce zai taɓa zancen balaga, a kan ƙaya yake tafiya. A nan gida kuwa sayen tsohon wasan Meziko ko na Indiya da aka riga aka juya ya fi wa tasha arha a kan ta shirya nata.

Duk da haka wasan makaranta ba ya bukatar gidan bene ko jerin motoci. Aji ɗaya ranar Asabar, da benci, da allo, da iyaye biyu zaune suna lura. Ba dole ba ne a shiga abin da zai sa a sunkuyar da kai. Tsoron jarrabawa da rikicin ƙawaye da ƙaryar da ake yi wa iyaye sun isa. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In ana son yaro ya ji wannan magana a jikinsa, rabin awa a mako na wasan ƴan koleji a talabijin ta gwamnati, da Hausa da Zabarmanci a cakuɗe kamar yadda yaran Yamai ke magana, zai fi jawabi goma aiki.

Kafin a kai can, mu da muke da yaran a hannu muna da abin yi. Bara ni da abokan aikina biyu muka dawo da wasan ƙarshen shekara. Ba mu rubuta musu komai ba, mun ce su kawo labarin da kansu, sharaɗi ɗaya kawai, kada a yi aure a ciki. Sun yi kwana biyu suna kallon juna, kamar an ce su yi miya ba gishiri. Daga baya sai ga labarin takardar sakamakon nan da na ambata, ashe da yawansu sun san wanda ya taɓa yi. Minti ashirin ne. Mai lissafin nan tawa, wadda yanzu tana koleji, ta dawo ta roƙa a ba ta matsayin mai duba makarantu, ta ari tabarau da jakar hannu, ta shigo tana duba farcen malamai. Wata kuma ta fito a matsayina, da yadda nake gyara gyale in raina ya ɓaci, da "to, mu ci gaba" ɗin da ban san ina yawan faɗa ba. Iyaye suka cika farfajiya. Wani dattijo mai gadin wani gida a Yantala ta sama ya same ni bayan an tashi ya ce, "Madam, yau na gane abin da yaron nan yake yi mini shekara biyu." Yana faɗa yana dariya, ɗan kuma ya ɓuya bayan uwarsa. Wani ya ɗauka da waya, kafin dare ya zagaye iyayen unguwa ta WhatsApp, har surukata ta sa aka maimaita mata sau uku.

Bana tsofaffin ɗalibaina da ke sizyam da sankyam, wato aji ɗaya da na biyu na koleji, sun zo da kansu suna son a yi kashi na biyu, kan yaron da ya fito daga firamare yana na ɗaya ya tarar a koleji ba wanda ya san sunansa. Wurin gwaji mun samu, wata maƙwabciya ta ba mu tsakar gidanta ranar Laraba da yamma. Abin da ya rage shi ne ƴammata biyu da labarin ya rataya a kansu, waɗanda iyayensu maza ba su amince ba tukuna. Na je gidan ɗaya, ya karɓe ni da mutunci, ya ce zai yi shawara da yayansa. Ɗayan sau biyu ina zuwa ana ce mini ya tafi Katako sayen kaya, sai Juma'a zan koma bayan an sauko daga masallaci.